Nazari kan Ciwon Kwankwaso a Ƙasar Gumel

Duk wanda ya zauna da manoman Gagarawa bayan an kammala yankan riɗi, ko ya tsaya a kasuwar Maigatari ranar Alhamis yana kallon 'yan dako suna saɓa buhunan hatsi, lalle zai ji kukan da ya zama ruwan dare a bakin magidanta, wato kukan ciwon kwankwaso. Ba mu kaɗai ba ne a cikin wannan jarrabawa, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa a shekarar 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da shi, kuma ana hasashen adadin zai kai miliyan 843 a 2050.

Allah Maɗaukakin Sarki, cikin hikimarsa, ya jera ƙasusuwa 5 a ƙasan gadon baya, ya sanya faifan guringuntsi tsakanin kowane biyu domin ya tare nauyi. To, idan mutum ya shekara talatin yana duƙe a kan fartanya mai gajeriyar ƙota, ko mace tana jan guga daga rijiya mai zurfi da goyo a bayanta, sai faifan nan ya gaji, wani lokaci ya bulluƙo ya danne jijiyar da ta gangara zuwa ƙafa, mai shi ya riƙa jin zugi tun daga ɗuwawu har dunduniya. Amma noma da jan ruwa tsofaffin al'amura ne, kakanninmu ma sun yi su. Abin da ya sauya shi ne babur ya gaji jaki, saurayi yana wuni a kansa cikin rairayi da gargada tsakanin Sule Tankarkar da ƙauyukanta.

A nawa ra'ayin, sauyin da ya fi wannan hatsari shi ne na magani. A da, mai ciwon baya wanzami yake nema ya yi masa ƙaho, ko ya ce basir ne ya sha jiƙo, sa'an nan ala tilas ya rage aiki. Yanzu kuwa kyamis yake shiga ya sayi ƙwayar diclofenac ko tramadol, ya kashe zafin, ya koma gona da asuba. Ta farkon, idan aka dawwama a kanta, tana jawo gyambon ciki da lalacewar ƙoda. Ta biyun kuwa tana kama mutum har ya kasa rabuwa da ita, kuma Hukumar ta yi nasiha a 2023 cewa kada a yi amfani da irinta wajen ciwon baya mai daɗewa.

Haƙiƙa mafi yawan ciwon nan, kusan kashi 90 cikin 100, ba shi da wata muguwar illa a ɓoye, yakan lafa da motsa jiki da sassauta ɗaukar kaya. Musibar tana ga ragowar, waɗanda ƙwaya ke rufe musu alama: tarin fuka da ke cin ƙashin baya har ya fito da ƙusumbi ko ya shanye ƙafafu, da cutar da makiyaya ke ɗauka daga nonon da ba a tafasa ba. Irin waɗannan sukan isa Babban Asibitin Gumel a makare, a tura su Asibitin Ƙashi na Dala a Kano bayan an sayar da akuya da amfanin gona, gida ya rasa mai ciyar da shi.

Saboda haka ina roƙon limamai da masu unguwanni su sanar da jama'a: wanda ciwon bayansa ya zo da zazzaɓin dare da rama, ko ƙafarsa ta fara mutuwa, ko fitsari ya ƙi riƙuwa, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira a ga abin da ƙwaya za ta yi.