Sauya kati a cikin uwar-garke ba tare da an kashe ta ba

1. Gabatarwa

Uwar-garke, wadda ake kira «serveur» da Faransanci, ita ce kwamfutar da ke yi wa sauran na'urori hidima dare da rana. Manomin Icirnawa da ke jiran kuɗin da ɗansa ya aiko masa ta wayar salula bai taɓa ganin ta ba, amma in aka kashe ta, saƙon kuɗin ba zai iso gare shi ba. A cikin wannan maƙala za mu bayyana yadda ake sauya katin da ya lalace alhali na'urar tana aiki, da sharuɗɗan yin hakan.

2. Asalin dabarar

Kamfanin Intel ya fito da tsarin gurabun kati na PCI a 1992. A wannan tsari, katuna suna tarayya a kan layukan saƙo guda. Saboda haka zare kati ɗaya da wuta a jikinsa yana iya ɓata saƙon sauran, ko ya ƙona katin. A 1997 ƙungiyar PCI-SIG ta fitar da ƙa'idar da ta ba da damar yanke wa gurbi ɗaya wuta, a bar sauran suna aiki. Tsarin PCI Express, wanda ya gaji PCI, ya ba kowane gurbi layukansa, kuma ya zo da wannan dabara tun daga tushe.

3. Matakan aiki

Ma'aikaci zai danna maɓallin da ke kusa da gurbin. Koriyar fitila za ta riƙa ƙyaftawa, kuma yana da sakan 5 na fasawa in ya yi kuskuren gurbi. Daga nan babbar manhaja za ta umarci manhajar katin ta kammala abin da ke hannunta, sannan a yanke wutar gurbin. Sai fitilar ta mutu ake buɗe sakata, a zare katin, a sa sabo, a rufe, a sake danna maɓallin.

4. Sharuɗɗa

Wajibi ne abubuwa uku su dace: gurbin da ke da makunnin wutarsa, babbar manhajar da ta san dabarar (kamar Linux), da manhajar kati mai yarda a tsayar da ita. In ɗaya ya gaza, na'urar na iya tsayawa cik.

Akwai sharaɗi na huɗu da aka fi mantawa. In katin sadarwa guda ne tak, zare shi zai yanke hidima ko da na'urar tana kunne. Dole a tanadi kati na biyu da zai ɗauki nauyin tun kafin a taɓa na farko.

5. Kammalawa

A ganinmu, tun ranar sayen na'ura ya kamata sassan jami'o'inmu su bincika waɗannan sharuɗɗa huɗu, su gwada matakan a lokacin hutu, su kuma ajiye katin canji a kusa.