Haƙƙin Mata a Abuja: Inda Kiran Ya Kai da Inda Bai Kai Ba

Duk ranar 25 ga Nuwamba, mai bin titunan tsakiyar Abuja zai ci karo da samari da 'yan mata sanye da riguna ruwan goro, ɗauke da kwalaye, suna buɗe kwanaki 16 na yaƙi da cin zarafin mata. Masu yi wa ƙasa hidima na ciki, ɗaliban jami'a na ciki. Shekaru kaɗan baya, irin wannan magana sai a ɗaki, ana rage murya.

Ba rana ɗaya abin ya faro ba. Bayan sace 'yan matan Chibok 276 a watan Afrilun 2014, mata irin su Oby Ezekwesili da Aisha Yesufu da Hadiza Bala Usman suka kafa zaman dirshan a dandalin Unity Fountain. Yaran da ke sakandare a lokacin sun tashi suna ganin mace da hijabinta tana tuhumar gwamnati a bainar jama'a, kuma su ne matasan yau. A 2015 Shugaba Goodluck Jonathan ya sa hannu kan dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP, kuma a Abuja ta fara aiki kai tsaye, ƙarƙashin kulawar hukumar NAPTIP, tun kafin jihohi su karɓe ta ɗaya bayan ɗaya. Sai wayar hannu ta zo ta ƙarasa aikin. A farkon 2019 'yan matan Arewa suka riƙa fitowa a Twitter da maudu'in ArewaMeToo suna faɗin abin da aka yi musu, abin da a da ake binnewa da sunan rufin asiri. Ga shi kuma hedikwatar ƙungiyoyin kare haƙƙin mata irin su WRAPA a Abuja take, haka ma ofisoshin masu ba da tallafi.

An ga amfani. Yarinyar da aka ci zarafinta a yau ta fi yayarta sanin cewa akwai ofishin da za ta kai kuka. Tun 2019 akwai kundin ƙasa na sunayen waɗanda aka kama da laifin fyaɗe da makamantansa. A zaɓen 2023 mutanen Abuja suka ba Ireti Kingibe kujerarsu ɗaya tilo ta sanata, kuma a shekarar ce aka buɗe sakatariyar harkokin mata a hukumar babban birnin.

Amma a ranar 1 ga Maris, 2022, Majalisar Tarayya ta yi fatali da ƙudurori biyar da suka shafi mata a gyaran tsarin mulki, ciki har da na ware musu kujeru. Mata suka tare ƙofar majalisar kwana da kwanaki. Majalisar dattawan da ta biyo baya, mai kujeru 109, mata huɗu kacal ta samu. Wayewar kai ta ƙaru, iko bai motsa daga inda yake ba.

Abin da ya fi damuna ma ba a majalisa yake ba. Na halarci tarukan wayar da kai da dama a otal-otal na Wuse da Maitama: sanyin na'ura, ruwan roba a kan tebur, jawabi daga farko har ƙarshe da Turanci, kuma fuskokin da na gani a taron jiya su ne a na yau. Wata rana da na fito daga irin wannan taro na nufi Dei-Dei, a bakin kasuwar katako na tarar da yarinya da ba ta wuce shekara goma sha biyu ba, da farantin dafaffiyar gyaɗa a ka, tana ratsa tsakanin manyan motoci, wani yaron mota na jan gefen mayafinta yana dariya. Ƙarfe goma sha ɗaya na safe ne, ranar makaranta. Dokar kare haƙƙin yara ta 2003 tana aiki a wannan ƙasar da take takawa, amma babu wanda ya taɓa gaya mata, ko uwarta, ko shi yaron motar, da harshen da suke ji. Haka abin yake a Karmo da Gwagwa da Mpape, balle ƙauyukan Kwali da Abaji.

Sannan ga matsalar kalma. Da zarar an ce “daidaiton jinsi”, saurayi Bahaushe ya ja baya, ya ce an zo a rusa aure a taɓa hukuncin gado. Wannan fargabar ce ta kayar da ƙudurin daidaiton jinsi na Sanata Biodun Olujimi a 2016. Amma ka ce masa haƙƙi, ka ce adalci, ka tambaye shi ko ya yarda a doki ƙanwarsa a gidan miji, ko a sake ta da 'ya'ya huɗu babu ci babu sha, ko a cinye mata gadon ubanta, nan take zai miƙe. Masu gangami da yawa sun kasa gane wannan, shi ya sa suke ta kai ruwa rana da mutanen da ya kamata su zama abokan tafiya. Alhali muna da tushe a gida. Nana Asma'u 'yar Shehu ta tura jajis, wato malamai mata, ƙauye-ƙauye suna karantar da mata tun ƙarni na 19, Hajiya Gambo Sawaba kuma ta sha ɗauri kan 'yancin matan Arewa na jefa ƙuri'a.

Don haka kirana ga ƙungiyoyi da sakatariyar mata shi ne su rage kuɗin hayar zaure su kai aikin Islamiyyu da coci-coci da tashoshin mota da majalisun samari na gefen gari, da Hausa da Gbagyi da sauran harsunan mazauna. A sa malamai da limamai a ciki tun daga shiri. Kai kuma saurayi mai karanta wannan, ka nemi lambar NAPTIP ka ajiye a wayarka, ka ba ƙanwarka ita ma ta ajiye.