Kunnen Shafin Intanet: Abin da Yake Ji da Inda Jinsa Ya Tsaya

Ana yawan cewa da zarar ka buɗe wani shafi a waya, duk abin da ka rubuta daga nan, a WhatsApp ne ko a manhajar banki, masu shafin na karantawa. Wasu kuma sun ce muddin ba ka danna maɓallin turawa ba, babu wanda ya ga abin da ka cike. Duka biyun kuskure ne, amma ta biyun ta fi damuna, domin tana sa mutum ya saki jiki a inda ya kamata ya yi hattara.

Duk abin da ka yi a shafi, taɓa allo ne, danna harafi ne ko jan shafin ƙasa, burauza, wato manhajar da kake buɗe shafin da ita, tana lura da shi, ta kira shi da sunansa. Mai gina shafi yakan rataya ɗan umarni na JavaScript a jikin maɓalli ko akwatin rubutu, ya ce: idan kaza ya faru a nan, a yi kaza. Wannan umarnin shi ne mai saurare, ba ya motsi sai abin da yake jira ya auku. An fi rataya shi da addEventListener, hanyar da hukumar W3C mai tsara ƙa'idojin shafukan intanet ta tabbatar a shekarar 2000, kodayake burauzar Internet Explorer ba ta karɓe ta ba sai a fitowarta ta 9, a 2011.

Abin da mutane ba su cika sani ba shi ne labarin taɓawar ba ya tsayawa inda ya faru. Daga maɓalli yakan hau zuwa akwatin da ke ɗauke da shi, daga nan zuwa shafin gaba ɗaya, kamar yadda magana ke tashi daga mai unguwa zuwa dagaci har ta kai ga hakimi. Saboda haka mai saurare guda a can sama ya isa ya ji kowane harafi tun kana rubuta shi, har da wanda ka goge. A 2017 masu bincike a Jami'ar Princeton ta Amurka sun nuna cewa ɗaruruwan manyan shafuka na naɗar rubutu da motsin masu ziyara ta irin wannan hanya. A 2018 kuma ɓarayi sun cusa umarni a shafin biyan kuɗi na British Airways, yana jiran lokacin da mutum zai ɗaga yatsa daga maɓallin biya, sai ya kwashi bayanan katinsa ya aika musu.

Sai dai kunnen yana da iyaka, kuma iyakarsa bakin shafin ce. Ba ya jin abin da kake rubutawa a wata manhaja, ba ya leƙa shafin bankinka da ka buɗe a gefe, domin burauza ta gina katanga tsakanin shafukan da adireshinsu ya bambanta. Manhajar da ka sauke a waya ko ƙarin da ka ɗora wa burauza, wannan wata magana ce dabam: su suna iya samun ikon da shafi ba shi da shi.

Shin shafi na iya danna wa kansa maɓalli? Yana iyawa. Amma burauza tana bambance dannar mutum da ta umarni, ta sa wa ta biyun alama. Shi ya sa mamaye allo ko buɗe sabuwar taga sukan buƙaci taɓawar hannunka. Kyamara da makirufo kuwa sai ka ba da izini ƙarara.

Saura masu cewa shafin da ya hana kwafar rubutu ya kulle kayansa. Mai saurare ne kawai ya tare umarnin kwafa ya soke shi. Rubutun ya riga ya sauka a na'urarka, kuma in ka kashe JavaScript a saitin burauza, galibi hanin yakan tashi.