Rashin Faifai Ba Hujjar Ɗora Manhajar Sata Ba Ne

Galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da ke hannun ɗalibanmu na hannu ne, waɗanda ake shigowa da su daga Turai da Amurka. Suna zuwa ba kwali, ba takarda, balle faifan da kamfani kan haɗa domin sake ɗora babbar manhaja idan ta lalace. Ranar da kwamfuta ta ƙi tashi, sai mai ita ya garzaya wurin mai gyara, a shafe komai, a ɗora masa Windows ta sata, ya biya kuɗi har da godiya, bai san an raba shi da haƙƙinsa ba.

Tun daga Windows 8, wadda ta fito a 2012, manyan kamfanoni suka daina manna lambar lasisi a ƙarƙashin kwamfuta, suka koma dasa ta a cikin injin. Ke nan lasisin yana tare da kwamfutar duk inda ta je, da faifai ko babu. Kamfanin Microsoft kuwa yana ba da manhajar kyauta a shafinsa na intanet. Abin da ake buƙata shi ne wata kwamfutar mai lafiya, da filas wanda bai gaza gigabait 8 ba, da isasshiyar data. Idan aka ɗora irin nau'in da kwamfutar ta zo da shi, Home ko Pro, da zarar ta hau intanet lasisin zai tabbata da kansa.

Sau da yawa ma ba sai an kai ga haka ba, domin kamfanoni kan ɓoye kwafin manhajar a wani sashe na ma'adanar kwamfuta. A HP, danna F11 yayin kunnawa ne ke buɗe shi. A Acer kuwa, Alt da F10. Wannan sashe shi ne abin da gyaran gaggawa yake fara hallakawa.

Sai dai kafin a taɓa komai, a kwashe takardu da hotuna zuwa wani wuri. Manhaja tana dawowa, amma kundin digirin da aka shekara ana rubutawa ba ya dawowa. Haka kuma manhajar sata kan zo da ƙwayoyin cutar da ke leƙen lambobin sirri, har da na banki.

Akwai kuma batun tsufa. Microsoft ya daina kula da Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, kuma tsofaffin kwamfutoci da dama ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba. Masu irin waɗannan suna da mafita ta halal a Linux Mint ko Ubuntu, waɗanda kyauta ne.

Masu gyara na da alhakin faɗa wa jama'a gaskiya. Ɗalibi kuma ya tanadi filas ɗinsa tun kwamfuta na da lafiya, domin ba a fafe gora ranar tafiya.