Abin da ke cin kankare

Yara, kun taɓa duba gindin bango bayan damina ta wuce? A Zangon Tamale da sauran unguwanni, sau da yawa za ku ga wani farin gari a jikin bango, kamar an barbaɗa kanwa. In aka taɓa wurin da yatsa, sai siminti ya zubo. Wannan farin gari gishiri ne.

Ana yin kankare da siminti, da yashi, da tsakuwa, da ruwa. Magina suna saka rodi a ciki don ya ƙara ƙarfi. Idan ya bushe yana da tauri kamar dutse. Amma a cikinsa akwai ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan ruwa yake shiga.

A ƙasashen sanyi kamar Kanada, ruwa yana daskarewa ya zama ƙanƙara. Ruwan da ya daskare yana kumbura: lita 100 takan ci wurin lita 109. Idan ya kumbura cikin ƙofofin kankare, sai ya tura su. Ya narke, ya sāke daskarewa, har kankare ya tsage.

A can kuma ana watsa gishiri a kan hanya don ƙanƙara ta narke, motoci su daina santsi. Ruwan gishirin yana bin tsaga har ya kai ga rodi. Rodi ya yi tsatsa. Tsatsa ta fi ƙarfe cin wuri, sai ta fasa kankare daga ciki. Haka ya faru da gadar Champlain a birnin Montiriyal. An buɗe ta a 1962. Gishiri ya ci ta, aka rufe ta a 2019, bayan an gina sabuwa.

A Tamale ruwa ba ya daskarewa a waje, amma akwai gishiri cikin ƙasa. A Daboya, yamma da Tamale, tun zamanin kakanni ake haƙo gishiri. Wasu rijiyoyi ma ruwansu na zartsi ne. Da damina bango yana shan ruwan ƙasa. Da hunturu iska ta busar da shi. Ruwa ya tafi, gishiri ya zauna cikin ƙofofi, ƙwayoyinsa suna girma suna tura siminti. Kowace shekara ɓarnar tana ƙaruwa. In ba a gyara ba, ginin aji ko ɗakin kwana yana iya faɗa wa mutane.

Magini na ƙwarai ba ya kwaɓa siminti da ruwan zartsi. Yana amfani da yashi mai tsabta, ba ya cika wa kwaɓi ruwa. Yana rufe rodi sosai. Yana shayar da sabon kankare aƙalla kwana 7. Mu ma muna da namu aiki. Kada mu bar ruwan kwata ya kwanta a gindin bango. Kada mu yi fitsari a jikinsa, don fitsari yana da gishiri. In mun ga tsaga, mu gaya wa manya. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Kalmomi
kankare: le béton
ƙanƙara: la glace
rodi: le fer à béton
tsatsa: la rouille

Tambayoyi
1. Da me ake yin kankare?
2. Don me ake watsa gishiri a hanyoyin Kanada?
3. Yaya tsatsa take fasa kankare?
4. Ku rubuta "kankare" da "ƙanƙara". Ina bambancinsu?

Gwaji
Ku tsayar da gutsuren bulo cikin faranti mai ɗan ruwan gishiri. Ku ajiye shi a rana, kuna ƙara ruwan kullum. Bayan mako ɗaya, me kuka gani a saman bulon?