Mazaunin Laburare a Kwamfuta Idan Sigogi Sun Yi Yawa

Laburare, a bakin masu haɗa manhajar kwamfuta, tarin umarni ne da aka riga aka rubuta domin manhajoji da dama su riƙa aro, maimakon kowace ta rubuta nata, kamar yadda OpenSSL ke ɗauke da aikin sirranta bayanan da ke yawo a intanet. Rigima tana tasowa ne idan manhajoji biyu a kwamfuta guda suka buƙaci sigogi daban-daban na laburare ɗaya, domin a nan dole manajan ƙunshi, wato manhajar da ke saukewa da girkawa da cirewa, ya yanke inda kowace siga za ta zauna.

Debian da takwarorinta na Linux suna tara duka laburarori a ƙarƙashin folda guda, wato /usr/lib, sai su bambanta sigogi da lambar da ke ƙarshen sunan fayil, shi ya sa libssl.so.1.1 da libssl.so.3, sigogi biyu na OpenSSL, ke iya zama kafaɗa da kafaɗa. Lambar ba ta sauyawa sai sabuwar siga ta daina dacewa da manhajojin da aka gina kan tsohuwa. Amfanin wannan tsari ya bayyana a 2014, lokacin da aka gano ɓarakar Heartbleed a cikin OpenSSL, domin sabunta laburaren guda ya wadatar da duk manhajojin da ke aro daga gare shi. Sai dai sigogi biyu masu lamba ɗaya ba sa haɗuwa, dole ɗaya ta kori ɗaya.

Shi kuwa manajan npm na harshen JavaScript ya bai wa kowane aiki foldarsa mai suna node_modules, kuma da farko kowane laburare yana ɗauke da nasa laburarorin a cikinsa, har adireshin fayil ya riƙa zarce haruffa 260 da Windows ke karɓa a lokacin, abin da ya sa aka sauya tsarin a 2015.

Amsar da ta fi gamsarwa ita ce ta manajan ƙunshi Nix, wadda Eelco Dolstra ya bayyana a kundin digirinsa na uku a Jami'ar Utrecht a 2006. Kowace siga tana samun folda tata a /nix/store, kuma sunan foldar yana farawa da lambar shaida da aka lissafo daga duk abin da aka yi amfani da shi wajen gina ta, saboda haka babu yadda za a yi biyu su yi karo, kuma komawa tsohuwar siga ba ya buƙatar rushe komai. Manajan Guix, da aka fara a 2012, ya bi sahu da /gnu/store. Wannan kwanciyar hankali ba kyauta ba ce, domin ƙaramin gyara a laburaren tushe irin glibc yana sauya lambar shaidar duk abin da ya dogara da shi, sai an sake ginawa ko saukewa, nauyin da ya fi danne masu ƙaramin faifan ajiya da masu sayen intanet da tsada.