Shirun Mai Gadi

Idan mai gadin gari ya kwana bai yi kururuwa ba, ɗayan biyu ne: ko ɓarawo bai zo ba, ko kuwa barci ne ya sace mai gadin; kuma duk wanda aka ɗora wa nauyin auna aikin ma'aikatan da ke sa ido kan cututtuka, wajibi ne ya iya rarrabe tsakanin waɗannan biyu.

Dubi dabarar da masana suka yi game da cutar shan inna. Da yake sun tabbata cewa ko babu ita ba a rasa yaran da wata lalura dabam ke shanye wa ƙafa farat ɗaya, sai suka gindaya sharaɗi cewa cikin kowane yara 100,000 'yan ƙasa da shekara 15, lalle a gano aƙalla biyu irin waɗannan a shekara, a ɗebi bayan gidan kowanne sau biyu kafin kwana 14 su cika da shanyewar ƙafar, a kai shi cikin ƙanƙara zuwa ɗakin gwaji na Ibadan ko Maiduguri. Gundumar da ta ce ba ta ga ko ɗaya ba, tuhuma ta cancanta, domin wanda bai ga mai kama da ɓarawo ba, yaya za a yi ya ga ɓarawon?

Amma fa hikimar ɗan Adam ba ta rasa naƙasu. Bayan yaron da cutar ta kama a jihar Kano cikin Yuli 2014 an ji tsit, har Hukumar Lafiya ta Duniya ta cire Nijeriya daga jerin ƙasashen da cutar ta yi wa katutu a 2015, aka yi ta hamdala. Kwatsam cikin Agusta 2016 sai ga yara biyu a Gwoza da Jere, kuma da aka bi nasabar ƙwayar cutar, yadda malamai ke bin isnadi, aka iske zuriyar wadda aka gani a Barno tun 2011 ce. Ashe shekara biyar tana yawo a ƙauyukan da fitinar Boko Haram ta hana ma'aikata shiga, alhali alƙaluman garuruwan da ake iya zuwa suna rufa wa sauran asiri.

Daga nan aka ƙara dogara ga mazauna ƙauyukan su riƙa kawo labari, aka kuma yawaita gwada ruwan kwatami, ba a kuwa yarda an shaida kuɓutar Afirka daga ainihin ƙwayar ba sai ranar 25 ga Agusta 2020.